Allurar da Na Ce Ban Ji Ba

Shekarar da tsohuwar rijiyar garinmu ta rufta, damina biyu kafin a yi ƙuri'ar i ko a'a ta ƙarshen mulkin Nasara, ita ce shekarar da lokotoro masu yawo, masu duba lafiyar jama'a, suka fara zuwa mana. Ina tuna ta sarai, domin a makon da suka zo muna cikin haƙar sabuwar rijiya, kusan duk namijin da ya cire riga a gabansu akwai ƙasar rami a bayansa. Garinmu ƙarami ne, tsakanin Dungas da Guci. Ba mu da kasuwa, ta Guci muke ci.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. Mahaifina ya rasu shekara guda kafin nan, ya bar mini zabirarsa da asake bakwai da ƙahoni da dutsen wasa. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne gidaje. A wurinmu wanzami ba ya zama yana jiran mai wucewa. Gidaje gare shi, gadonsu yake yi kamar yadda ake gadon gona. Gida talatin da huɗu ya bar mini, a garinmu da ƙauyuka biyu na kusa. Ni ke aske mai gida da 'ya'yansa, ni ke askin suna, ni ke yi wa yara kaciya lokacin sanyi, ni ke yin ƙaho idan jiki ya yi wa mutum nauyi. Da kaka kowane gida ya aiko da damin hatsi. Gonarmu ba ta da girma, da wannan hatsin muke kaiwa damina, ni da Inna da matata, wadda a lokacin watanmu biyar da aure.

Tun ina yaro akwai tabo uku a jikina, biyu a damtsen hagu, ɗaya a bayan kafaɗa, sun fi sauran fatar haske. Inna ta ce tunjere ne ya bar mini su. A zamanin nan da wuya ka sami gidan da yaransa ba su yi tunjere ba. Ƙuraje su fito a baki da jiki, su yi ruwa, su daɗe, sannan su bushe su bar tabo. Wurin wasa da shan ruwa a ƙwarya ɗaya yara ke ɗauka, ba wanda ke ganin abin kunya ne ga yaro. Nawa ba sa ƙaiƙayi, ba sa ciwo, ni kaina mantawa nake da su.

Kwana biyu kafin ranar zuwan lokotoro, dogari ya zo daga Dungas ya gaya wa mai gari kada kowa ya je ko'ina. Suka zo da babbar mota ɗaya, kamyo, suka kafa tebur a inuwar gawon da ke ƙofar mai gari. Mata aka kewaye musu zana a gefe, maza kuma muka jeru, kowa riga a hannu. Babu Nasara a cikinsu, duk baƙaƙe ne irinmu, amma mu duk mai farar riga lokotoro muke ce masa.

A kan teburin akwai manyan littattafai biyu. Daga baya na san ɗaya na masu tunjere ne, ɗaya na kutare. Wanda aka rubuta a na farko, allura ɗaya ake yi masa ya tafi gida, magana ta ƙare. Wanda aka rubuta a na biyu, sunansa ya zauna. A ranar ban san haka ba, littafi dai littafi ne a wurina.

Dogari ne ya jera mu yadda muka iso, bai duba wane da wane ba. Sai ga ɗan kawuna, abokin wasana, a bayana, bayansa kuma surukina, mahaifin matata. Ni da ko a hanya na hango shi sai na ratse na cire takalma na durƙusa, yau ga ni tsaye a gabansa babu riga. Tun kafin a zo kaina nake jin bayana kamar ana hura masa wuta.

Lokotoron da ke duba maza saurayi ne, ba zai girme ni da yawa ba. Ba mutumin ƙasarmu ba ne, Hausarsa gajera ce, kuma tun da hantsi yake juya mutane, ga rana ta take. Ya duba tafin hannuna, ya juya ni, ya ga tabon kafaɗa, ya dawo ya ga na damtse. Ya ɗauko allura ya ce in rufe ido.

Na ɗauka tabon zai taɓa. Sai ya soke ni a hannun dama, inda fata take lafiya lau. Ban shirya ba, na zabura har ƙafata ta ɗaga. Ɗan kawuna kuwa ba ya barin irin wannan ta wuce.

"Jama'a ku zo ku ga mai tsaga mutane," ya ce da ƙarfi. "Allurar ɗinki ta sa shi rawa."

Layi ya ɗauki dariya tun daga gaba har baya. Cikin masu dariyar akwai iyayen yaran da na yi wa kaciya wata biyu da suka wuce, waɗanda na ce wa su cije haƙora, namiji ba ya motsi. Akwai dattawan da nake tsaga wa baya in kafa ƙaho suna hira kamar ba jikinsu ba. Surukina kaɗai ban ji muryarsa ba, shirunsa kuma ya fi mini dariyar ciwo.

Sai na kafe. Lokotoro ya kama damtsen hagu ya soka allurar a tsakiyar tabo, ya tambaye ni ko da zafi. Na ce babu. Ya ƙara sokawa, ya ƙara zurfi. Na ji ta har cikin haƙorana, na ce babu. Ya koma tabo na biyu, ya koma na kafaɗa, har na ji ɗigon jini yana gangara a bayana. Ko gira ban ɗaga ba. Dariya ta mutu. Wani daga baya ya ce wannan ɗan ubansa ne. Sannan na ji surukina ya yi gyaran murya, ya ce madalla, a hankali, kamar da kansa yake magana.

Na buɗe ido raina fari. Lokotoro ya latsa gwiwar hannuna, ya duba girata da kunnuwana, ya yi ɗan jim. Sai ya ture littafin farko ya jawo na biyu.

Aka nuna mini tabarma a hannun dama. Mutum uku na tarar a kai, kowa ya san su: wani tsohon masaƙi da yatsunsa suka tafi tun ina yaro, da wata gwauruwa da ke sayar da itace, da wani makiyayi mai kumburarriyar fuska. Na zauna ina tsammanin wani magani za a ƙara mini. Sai da masaƙin ya matsa ya ba ni wuri, ya dube ni da tausayi, sannan na gane inda aka sa ni. Ashe gwajin ke nan. Tabon kuturta ba ya jin allura, fatar lafiya tana ji. Ni kuwa na zabura a fatar lafiya, na yi shiru a tabo. Da hannuna na ba shi amsar.

Aka ba ni 'yar takarda mai kauri da suke ce wa karne, aka ce duk ranar kasuwar Guci in je da ita, wani zai zo ya ba mu ƙwaya.

Inna ta karɓi karnen ta juya shi gaba da baya, ta ce ita ta yi jinyar wannan fatar, ta san abin da ya yi tabon, ba takardar da za ta koya mata ɗanta. Ta yafa zane ta tafi wurin mai gari. Ya saurare ta har ta gama, ya ce ya yarda da ita, amma rubutun Nasara ba shi da hannu a ciki. Matata kuwa ta nufi randa. Ta kawo mini ruwa a ƙwaryar da muke sha kullum, da na sha ta shanye sauran a gabana.

Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya faɗa mini baƙar magana. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi, mutane suna tsayawa su tambayi jikina har sau uku. Ranar Juma'a na ɗauki zabira na tafi gidan mai gari kamar kullum, aka ce mura yake yi, a bari sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa na same shi kansa fes, an aske. Wani wanzami ne daga wani ƙauye a hanyar Bande ya fara shigowa a kan jaki. Idan na ji an haihu a ɗaya daga cikin gidajena, sai in wasa ƙaramar aska in ajiye. Ranar suna ta zo ta wuce, ba a aiko ba. Har ƙanwata da ta haihu, a gidan mijinta mai jakin aka kira.

Ban ga laifinsu ba, har yau ban gani ba. Aska tana fid da jini, kuma kan jariri ɗan kwana bakwai ba abin gwaji ba ne. Waɗanda suka tsaya a layi sun san yadda aka yi, wasu ma sun faɗa mini sun san dauriya na yi. Amma sai su ce ga tabo nan ana gani, kuma mutumin da ya yi karatun abin ya duba ya rubuta. Matansu kuwa ba su ga komai ba, labarin littafi kawai suka ji. Mu maza biyar ne muke haɗa tuwo a ƙofar gida bayan magariba. Da na ga ɗaya ya fara cin gefen da ya fi nisa da hannuna, ni da kaina na ce a riƙa zuba mini nawa daban.

Mai ba da ƙwaya a kan doki yake zuwa, da akwatin ƙarfe ɗaure a bayan sirdi. A ƙarƙashin wata tsamiya a bayan kasuwa muke taruwa, mu wajen ashirin daga garuruwa daban-daban. Shi ke sa maka ƙwayar a baki, ya jira ka haɗiye, ya yi alama a karne. Makon farko na bari kowa ya watse, na gaya masa gaskiya: na ji allurar, kunya ce ta hana ni faɗa. Bai yi fushi ba. Ya ce duk wanda na gani zaune a nan ya gaya masa irin wannan a makonsa na farko. Ya ce shi bayarwa ce aikinsa, ba ya sa suna, ba ya cirewa, kuma idan na daina zuwa dogari zai je wa mai gari.

Da rani ya yi nisa na ɗauki sanda na tafi Magariya a ƙasa. Na sauka wurin wani ɗan garinmu mai awon gyaɗa, da safe ya raka ni gidan likita. Na wuni a layi. Wanda na samu ya saurare ni da kyau, ya ce littafin ba nasu ba ne, na masu yawo ne, tare da kamyo yake tafiya, mazauninsa Damagaram. Na roƙe shi ya gwada ni da kansa. Ya ɗauko allura ya soki tabon, na ce da zafi, da ƙarfi na faɗa. Ya yi murmushi ya ce ai kowa zai iya cewa haka. A hanyar komawa na yi ta juya abin. Ranar da na yi ƙarya an yarda da ni nan take, yau da na faɗi gaskiya ba ta da mai saye.

A ƙarƙashin tsamiyar nan na san mutanen da a da gaisuwa daga nesa kawai ke haɗa mu. Masaƙin ne ya fara kama hannuna, ya kai tabon kusa da idonsa, ya shafa da dungun hannunsa, ya ce wannan ba irin nasu ba ne, ga gashi nan a kai. Ya fi shekara talatin da ciwon, ya san shi fiye da kowa, sai dai ba wanda zai tambaye shi. Na lura gemunsa ya cukurkuɗe, sumarsa ta yi tsawo ta haɗe. Haka sauran mazan suke. Ba wanzamin da ke taɓa su, su kuma ba yatsun riƙe aska. Mako na gaba na ware aska ɗaya na naɗe ta a tsumma daban, na zo da ita. Na fara da masaƙin. Da na gama ya shafa kansa ya yi ta dariya, ya ce ya manta iska tana da sanyi.

Inna ta ce kada in yi, 'yan kasuwa suna gani, labari zai kai gida. Ta yi gaskiya, ya kai. Aka ce askata tana hawa kan kutare. Ba wanda ya tsaya tambaya ko aska ɗaya ce ko bakwai ɗin duka. Na san abin da nake jawo wa kaina, amma hannuna ya yi wata huɗu bai yi aikinsa ba, ga mutane zaune da suma. Na ci gaba.

A lokacin ne gwaggonnin matata suka fara zuwa, suna cewa a bar ta ta je gida ta ɗan huta. Kowa ya san irin wannan hutun. Ita ta ce ba ta gaji ba. Suka kai maganar wurin mahaifinta, ban san abin da ya ce musu ba, na dai ga sun daina zuwa.

Wata Juma'a da hantsi ina zaune a ƙofar gida, sai ga surukina ya nufo ni da buzunsa a hammata. Bai taɓa taka ƙofata ba tun da aka kawo 'yarsa. Ko a zamanin mahaifina, da aka fara maganar auren, wani yake nema ya aske shi don kada wata rana hannuna ya hau kansa. Na yi maza na durƙusa na sunkuyar da kai. Ya shimfiɗa buzun a bakin hanya, inda duk mai zuwa rijiya zai gani, ya zauna ya cire hula.

"Wanzam, tashi ka ɗauko zabirarka."

Na ce, "Baba, a yi mini afuwa. Ga kunya, ga abin da ake faɗa."

"Ina tsaye a bayanka ran nan," ya ce, bai dube ni ba. "Na ga yatsun ƙafarka sun tone ƙasa. Na san ka ji. Maimakon in ce wa mutumin ya sake gwadawa, madalla na ce. Ɗauko askar."

Na ɗauko askar. Na jiƙa sumar, na fara daga ƙeya. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suna rage tafiya, su wuce, su waiwayo. Shi kuwa idonsa a rufe, yana jan carbi. Da na gama ya shafa kai, ya sa hula, ya naɗe buzu, ya ce sai Juma'a ta sama. Haka ya riƙa zuwa, mako biyu-biyu, kullum a bakin hanya, bai taɓa yarda mu shiga zaure ba.

Bayansa ɗan kawuna ya zo. Tun ranar layin yake kauce mini, wasan da ke tsakaninmu tun muna yara ya mutu. Ya zauna ya miƙo kai, na yi ta aski har na kai rabi. Sannan ya ce, "Bawana, bi a hankali. Ni ina jin zafi, kuma faɗa zan yi kowa ya ji." Na ce ya yi shiru ko in bar masa rabin kai ya shiga masallaci haka. Daga ranar muka koma yadda muke.

Kakar farko dami shida aka aiko, biyu daga ciki don kunyar mahaifina ne, ba don aikin da na yi ba. Na shiga ƙwadago a gonakin gyaɗa, da rani ina dakon buhuna zuwa wurin awo. Ƙwayar kuma tana sa ni jiri, in na sunkuya na ɗago sai ƙasa ta juya. Hatsi ya ƙare mana tun kafin shuka, Inna ta sayar da tumakinta biyu.

Da shekara ta zagayo kamyon ya dawo. Na yi murna, na yi wanka, na tsara maganata tun daga farko. Wani lokotoro ne daban. Ya buɗe littafin, ashe an zana siffar mutum a gefen sunana, an ɗiga inda tabon yake. Ya gwada da jikina, ya ga ba su ƙaru ba, ba su yaɗu ba. Ya ce magani yana aiki, in ci gaba. Na fara bayani, ya ce in gode wa Allah, wasu ba sa samun haka, ya kira na gaba.

A shekara ta uku ne suka zo da wani babba a cikinsu, wanda suke ce wa majo. Mai furfura ne, Hausarsa ta Damagaram, ba ya sauri. Shi ya zauna da littafin kutare yana kiran mu ɗaya-ɗaya. Da na zo ya duba tabon ya daɗe, ya duba yatsuna, ya tambaye ni sana'ata. Na ce wanzanci. Ya ɗago ya dube ni.

"Ranar da aka gwada ka, su wa ke wurin?"

Na ce duk gari.

"Surukinka fa?"

Na ce mutum ɗaya ne tsakaninmu.

Ya ajiye alƙalami ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya ce ya sha gamuwa da irina a rugagen Fulani, samarin da suka saba da bulalar sharo, ko ka huda su ba za su ce uffan ba. Ya tashi ya ja ni bayan zana, ya ce ko dogari kada ya leƙo. Ya ɗaure mini ido da ƙyalle. Bai ɗauko allura ba, ɗan guntun auduga ya murza, ya ce duk inda na ji an taɓa in sa yatsa a wurin. Ba maganar zafi, ba abin da namiji zai daure. Ya taɓa nan, ya taɓa can, ya taɓa tsakiyar tabo, ya yi kamar zai taɓa bai taɓa ba. Ko ɗaya ban kuskure ba.

Sannan ya ce in je sabuwar rijiya in ja guga goma in dawo da gudu. Mutane suna kallona ina ja a tsakiyar rana, ba wanda ya san dalili. Da na dawo ya kama damtsena ya juya shi wajen haske. Gumi ya tsattsafo a kan tabon kamar yadda ya tsattsafo ko'ina. Ya ce tabon kuturta ba ya gumi. Ya sa aka kira Inna, ya tambaye ta ciwon da na yi ina yaro. Ta ba shi labari tun daga ƙurjin farko, har da ganyen da ta dafa, ta ƙara da cewa shekara uku ke nan tana faɗa. Ya ce, "Kin yi gaskiya, Inna. Mu ne ba mu tambaye ki ba."

Ya rubuta ni a littafin farko, aka yi mini allura ɗaya, wadda tun ranar farko ita ce rabona. Cire suna daga na biyun kuwa ya ce ba shi kaɗai ke yi ba, sai babban lokotoro Nasara ya sa hannu a Damagaram. Na ƙara wata biyu ina zuwa tsamiya, har ranar da mai doki ya duba takardarsa ya ce daga yau ba ni da ƙwaya a wurinsa. Duk da haka ban daina zuwa da askar masaƙi ba, har ya rasu, har sauran suka watse.

Kafin majo ya tafi ya tara mutane a ƙofar mai gari ya yi musu bayani. Suka ce alhamdu lillahi, wanzami ya warke. Ya ce ba warkewa na yi ba, tun asali ba ni da shi. Suka gyaɗa kai, suka ce haka ne, Allah ya ƙara sauƙi. Har yau idan baƙo ya tambayi gidana, ana ce masa gidan wanzamin nan da ya warke. Da na gaya wa surukina abin da majo ya ce, kansa na ƙarƙashin askata, ya ce ai ya sani, in kula da bayan kunne.

Gidajen kuwa ba su dawo yadda na zata ba. Mai jakin ya shekara uku yana yi musu aiki, ya aske jariransu, ya yi wa 'ya'yansu kaciya, bai yi wa kowa laifi ba. Ba a sallamar wanzami haka kawai. Wasu kuma maganar askar tsamiya ce ta tsaya musu a rai. Mai gari ya dawo, da wasu tsofaffin abokan mahaifina. Amma ko a gidajen da suka dawo, kan manya ake ba ni. Ranar suna mata su ce a kira wancan.

Bayan an sami mulkin kai da shekaru, aka buɗe karatun manya a garinmu, muna zama a rumfa bayan la'asar. Na shiga ina da furfura a gemu. Ranar da malamin ya zana wani baƙi a allo, sanda ɗaya a tsaye, na ce na san wannan. Na je gida na ciro karnen daga cikin zabira, inda yake tun lokacin, na kawo masa. Ga sandar nan a kusurwa, da jan alƙalami. Malamin ya iya Faransanci, ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Ya ce kuturtar kashi-kashi suka raba ta, kowane kashi da baƙinsa: akwai mai yaɗuwa a jiki duka, akwai mai tsayawa a tabo kaɗan. Wannan sandar kuma ta waɗanda ba a tantance ko wane iri ne ba tukuna.

Na daɗe ina kallonta. Ashe saurayin lokotoron nan na farko bai tabbata ba shi ma. Ya rubuta iyakar abin da ya gani da abin da na gaya masa, ya bar wa na bayansa su duba. Shekaru na yi ina jin haushinsa a ɓoye, a ranar ya fita daga raina. Da zan gan shi yau, zan gaya masa allurarsa tana da zafi ƙwarai.

Gida talatin da huɗu mahaifina ya bar mini. Goma sha ɗaya suka dawo, ashirin da uku suka tafi. Kaka uku ban ga damin kirki ba. Tumakin Inna biyu. Shekara uku da wata biyu ina haɗiyar ƙwayar ciwon da ba ni da shi. Askar kaciya ban sake zare ta ba, ta yi tsatsa a kube. Ƙaramar askar suna kuma tun shekarar rijiya ba ta sake hawa kan jariri ba.